Akushin Ciyayya

Ranar da maigidana ya kawo Inna gidanmu na Isa, ba ta zo da komai ba sai zanen jikinta da akushi ɗaya. A bayan babur ya ɗauko ta daga Sabon Birni, inda ta yi 'yan kwanaki a barandar wata makaranta tare da sauran mutanen ƙauyenmu da suka tsira. Ya ce mini tun daga can har ƙofar gida da hannu ɗaya ta riƙe ƙarfen babur, ɗayan yana rungume da akushin, ko da suka faɗa rami ba ta sake shi ba. Na miƙa hannu in karɓa don ta samu ta sauka, sai ta kauce da shi.

Inna ƙanwar mahaifiyata ce. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, ita ta tsaya har na gama sakandare. Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya a raye ba, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa, don haka ita kaɗai take zaune a gidan, daga awakinta sai maƙwabciyarta. Ba za ni faɗi sunan ƙauyen ba. Yana gefen Sabon Birni, yanzu babu kowa a cikinsa, kuma masu baburan da suka tashe shi suna nan a daji.

Akushin na san shi tun ina yarinya. Baƙi ne wuluk, ya sha mai ya sha hannu har yana sheƙi, a gefe guda ya taɓa tsagewa aka ɗinke shi da waya. Na maƙwabciyar Inna ne, wadda suke kiran juna Ƙawa. Danga ɗaya ta raba gidajensu, akwai ma wurin da karan ya lotsa saboda yawan jinginar da suke yi suna hira. Ta nan akushin yake ƙetarawa. Ciyayya suke yi irin ta mutanen da: Ƙawa ta zuba abin da ta dafa ta miƙo, Inna ta cinye ta wanke, in ta sauke nata girkin ta cika ta mayar. Ba a mai da akushin ciyayya wayam, ba a kuma ƙin cin abin da ya zo a cikinsa, ko mutum ya ƙoshi, ko sun yi faɗa da safe. Sun sha yin faɗa kuwa. Na taɓa ganin Inna ta miƙa akushin ta kan danga fuskarta na kallon wani wuri, Ƙawa ta karɓa ita ma ba ta ce uffan ba, duk a kan wata kaza da ta shiga shanya.

Mun riga mun ji cewa Ƙawa tana cikin waɗanda aka binne, da maza suka samu suka koma. Don haka ban tambayi Inna komai ba. Na gyara mata ɗakin da ke kusa da madafa, ina zaton ƙamshin girki zai jawo ta waje, domin Innar da na sani ba ta iya wuce tukunya a kan wuta ba ta ɗaga murfi ba. In ta zo mini baƙunta a da, kafin ta cire mayafi ta ƙwace muciya daga hannuna ta ce makaranta ta lalata mini damtse. Wannan karon ko kallon murhu ba ta yi. Salla tana yi a kan lokaci, carbi ba ya barin hannunta. Abinci ne dai babu. In na kai tuwo ta yi loma ɗaya ko biyu ta ture, kunu ta kurɓa ta ajiye. Aikinta guda ne a duniya: kowace safiya ta fito da akushin ta wanke shi, alhali ba abin da ya taɓa shi, ta shafe shi da ɗan man gyaɗa, ta rufe da faifai ta mayar ƙarƙashin gado.

Kafin damina ta yi nisa, awarwaron hannunta ya fara gangarowa har gwiwar hannu. Mun kai ta asibiti, suka ce ba wata cuta, ta dai ci abinci. Na roƙi malamarmu ta Islamiyya ta zo ta yi mata nasiha a kan ƙaddara. Inna ta saurara da ladabi har aka gama, sannan ta ce, "Malama, dut abin da kinka hwaɗi gaskiya na. Ajali ba ya jira, ba ya gaggawa. Kaina ya yarda. Wuyan ga na ya ƙiya."

Na gane a ranar cewa in ba wani ikon Allah ba, Inna za ta bi Ƙawa a hankali, a cikin gidana, ina kallo, ga hatsi a rumbu.

A wannan lokacin ne nake karanta wani littafin Turanci. Maigidana fatauci yake yi tsakanin kasuwannin nan da ƙetaren iyaka, wake da albasa da abin da ya samu. In hanya ta kai shi Sakkwato yakan tsaya wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa ya sayo mini ɗaya. Ba ya karanta Turanci, da kauri yake zaɓa, wai mai kauri ya fi daɗewa bai ƙare ba. Wannan da ya kawo ko bangon baya ba shi da shi. Ƙagaggen labari ne, amma an gina shi a kan abin da ya faru da gaske lokacin yaƙin duniya na biyu, da sojojin Jamus suka riƙa kwashe Yahudawa, tsofaffi da yara, suna tsare su suna kashewa. Labarin wata mata ce da ta tsira. Gab da ƙarshen yaƙin aka kora su a ƙafa cikin ƙanƙara, ita da aminiyarta. A wani zango aminiyar ta cire takalmanta don ƙafarta ta kumbura, matar ta ara ta sa don nata sun yage, da nufin ta ɗan ji ɗumi ta mayar. Sai aka busa usur, aka tura wannan gaba aka tura waccan baya. Mai takalma ta rayu. Marar takalma ba a sake ganinta ba. Sauran littafin duk bayan yaƙi ne: matar ta samu ɗaki, ta samu aiki, har ta yi aure, amma takalman suna ƙarƙashin gadonta tana goge su, ta kuma san garin da mahaifiyar aminiyarta take, ta kasa zuwa.

Da na gaya wa maigida abin da ya sayo, ya riƙe haɓa. "Duk littattafan da ke ƙasa, hannuna bai kai kan kowane ba sai na Yahudawa? Kada malamarku ta ji, ta ce ni na ɓata ki."

Ni ma da farko na yi jim. Abin da muke ji a rediyo game da Falasɗinawa yana ci mini rai, ina sa su a addu'ata. Amma matar da ke cikin littafin ba ta kori kowa daga gidansa ba, ita aka kora. Ina karantawa ina ɗaga kai ina hango ƙofar ɗakin Inna. Zalunci dai kamanninsa ɗaya ne a ko'ina, na ce a raina, kuma wanda ya fita daga cikinsa da rai, ashe shi ma kamanninsa ɗaya ne.

Duk da haka ban fahimci akushin ba sai da na yi kuskure. Wata Juma'a na tuƙa tuwon gero da miyar sure, wato yakuwa, na sa daddawar batso ta 'ya'yan yakuwa yadda ake yi a gida. Sai dabara ta zo mini: watakila kwanon silba ne ba ya yi wa Inna daɗi, in ta ga tuwo a akushin da ta saba ci a ciki, za ta ci. Tana banɗaki na shiga na ɗauko shi, na malmala tuwo a ciki, na zuba miya, na ajiye mata a kan tabarma ina murna da wayona.

Ta fito ta gani, ta tsaya cik. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta zauna nesa da shi kaɗan ta ce, "Ɗiyata, kin manta? Abin da ya shiga akushin ga daga murhunmu ba namu na ba. Na gidanta na."

Na durƙusa ina ba ta haƙuri. Ta girgiza kai, idonta a kan tururin da ke tashi. Sai ta fara maganar ranar da aka tashi ƙauyen, a karo na farko tun zuwanta.

"Ranar, dambu ni ka yi. Ƙawa ta miƙo mani tuwo da rana, na ci na wanke. Bayan la'asar na ɗauko shi, ina tsaye bakin murhu za ni zuba mata, sai munka ji babura. Sai harbi. Ban san sa'ad da na hita ba. Ina wuce danga na ji ta tana kira, Ƙawa, Ƙawa. Kin san gwiwatta, ko bayan gida sai da sanda. Hannuna biyu, ɗiyata. Guda na riƙe zane, guda na riƙe akushi. Sai bakin gulbi na duba na ga abin da ke hannuna. Icce na ɗauko, na bar mutum."

Ta ja carbi kaɗan.

"Kuma ban san mi za ta ce ba. Ko cewa za ta yi in zo in kama ta, ko cewa za ta yi in gudu. Ban tsaya na ji ba."

Na ce mu ba da tuwon sadaka, Allah ya kai ladan kabarinta. Ta yarda, na juye wa wasu mata 'yan gudun hijira da ke maƙwabtaka da mu. Amma da na dawo da akushin ta karɓa ta ce, "Sadaka daban, ciyayya daban. Har yanzu ni ka riƙe da shi."

Bayan wannan da 'yan kwanaki, ina zaune a inuwar darbejiya da tiren zogale a gabana da littafi a cinya, na kai wurin da matar ta je har bakin layin gidan tsohuwar, mahaifiyar aminiyarta, ta juyo. Ashe hawaye nake yi. Inna ta leƙo daga ɗaki.

"Mi anka rubuta ciki da ke sa babbar mace kuka rana tsaka? Ke dai da takarda, tun kina ƙarama."

Na ce labari ne. Ta ce in ba ta. Na fara, sai ta tare ni. "Tatsuniya da rana? Ba ki tsoron mu ɓace?" Sai ta ƙara da cewa, "Ci gaba. Wa ya rage bai ɓace ba?"

Haka muka fara. Ina karanta shafi in juya mata shi da Hausa, tana tsayar da ni da tambayoyi. "Yahudawa? Bani Isra'ilan da malam ka hwaɗi wurin tafsiri? Su ma an tashe su?" Ta tambaya ko ba su da dangi a wani gari da za su gudu wurinsu, na ce garuruwan ma an bi su. Ta ce, "Kamar mu ke nan." Ƙanƙara ta fi ba ta mamaki, wai ta kwanta a ƙasa kamar rairayin gulbi mutum ya taka. Da na zo inda matar take ɓoye gutsuren burodi a aljihu alhali ga abinci a gida, Inna ta ce, "Ta yi daidai." Ban gaya mata cewa na ga ƙuli-ƙulin da take ƙullewa a bakin zanenta ba, ita da ba ta ci.

Na daɗe ina kewaye zancen takalman, amma labarin ba ya tafiya sai da shi. Ranar da na faɗa mata, ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. Ta tashi ta ɗauki buta, lokacin salla bai ma yi ba. Na ce shi ke nan na ɓata. Washegari bayan azahar sai ga ta ta jawo tabarma da kanta. "Ina munka tsaya da mai takalma?"

Daga nan ya zama mana al'ada. Ina karatu, hannunta yana kai wa tiren zogale ba ta sani ba, tana tsinka tana zubar da itacen. Ta san mutanen littafin kamar 'yan unguwarsu. Mai gidan hayar matar ta ce marowaciya ce. Mijin da matar ta aura, wanda shi ma ya rasa kowa nasa, yana ganin takalman kullum bai taɓa tambaya ba, Inna ta ce, "Wanga mutumin kirki na, Allah shi shirye shi."

Sai muka kai ƙarshe, ko in ce inda takarda ta ƙare. Matar ta sake shiga jirgin ƙasa da takalman a cikin jaka, ta sauka a garin tsohuwar, ana yayyafi, ta tsaya a rumfar tasha tana jiran ya ɗauke. Na juya shafi, babu komai. An yage sauran tare da bangon, ban lura ba sai a lokacin.

"To, ta tahi ko ba ta tahi ba?"

"Wallahi Inna ban sani ba. Nan ya ƙare."

"Ya ƙare ƙaƙa? Tana tsaye cikin ruwa?" Ta ɗaga murya yadda za a ji a zaure, inda maigida yake gyaran buhuna. "Mutum ko wake za shi saye sai ya soka hannu har ƙasan buhu. Littahi kuwa ya kwaso muna rabi."

Daga zaure ya amsa, "A gafarce ni, Inna. Kauri na duba, ban duba ƙarshe ba."

Ta yi wani ɗan sauti a hanci wanda da a da ne dariya ce. Ta ce in ƙaga mata sauran. Na ce ba za ni iya ba, in na ƙaga ai za ta san nawa ne.

Kaka ta fara shigowa lokacin da maigida ya dawo daga kasuwa da labari. Ya ga ɗiyar Ƙawa. Tana aure ne a wajen Bafarawa, su ma zama ya gagara, sun shigo Isa ita da mijinta da yara, suna cikin wani kango a bayan kasuwa, tana sayar da kwaɗon tafasa. Ya tsaya daga bakin ƙofar ɗakin Inna, kansa a ƙasa, ya gaya mata. Ya ce, "Ta tambaye ki, Inna. Ta ce a gaishe ki."

Inna ta riƙe bakin gado. "Ka ce mata ina nan?"

"Na ce."

"In ta zo mi za ni ce mata? In ce ga ni, ƙahwahuna lahiya lau?" Ta juyo gare ni. "Kada wanda ya kira mani ita gidan ga."

Ta koma zaman ɗaki, ta daina fitowa inuwar darbejiya. Kunun ma ta rage. Na so in saci jiki in je in kira yarinyar, maigida ya ce in bari, abin da aka yi wa Inna da ƙarfi ya isa haka. Na bari, amma ban taɓa yawan addu'a irin ta kwanakin nan ba.

Wata safiya ina shara, tana tsugune tana wanke akushin, sai ta yi magana ba ta ɗago ba.

"Wagga mai takalma, ina ta tunaninta. Sakarya ta."

"Don me, Inna?"

"Tsohuwar can tana zaune, ba ta san yadda ɗiyatta ta ƙare ba, ba ta san wa ya yi mata ganin ƙarshe ba. Ita kuwa tana nan tana goge takalma ƙarƙashin gado. Nata na? In zagi na, ai tsohuwa na da hakkin ta zage ta. Ko zagin ta hana ta."

Na tsaya da tsintsiya a hannu. Ta ɗauraye akushin, ta kife shi a kan turmi.

"Akwai sabon gero gidan ga?"

Dambu ta ce za ta yi. Ƙarfin daka ba ta da shi, ni na surfa na ɓarza, tana zaune a kujera 'yar tsugune tana cewa ban iya riƙe taɓarya ba. Amma da aka zo yayyafa ruwa ta ture hannuna. Ita ta murza tsakin da tafinta har ya yi yadda take so, ita ta haɗa da zogale, ta zuba a madambaci ta toshe gefen da tsumma. Hayaƙi ya sa ta tari, na ce ta matsa, ta ƙi. Da ya turaru ta juye, ta yanka albasa, ta zuba man gyaɗa da yaji da dakakken ƙuli. Ta ɗebo gishiri ta barbaɗa, ta ɗanɗana a tafin hannu, ta ƙara.

"Inna, gishiri."

"Yi mani shiru. Ke anka aika ma?"

Bayan la'asar ta sa zanen da na ɗinka mata wanda ba ta taɓa ɗaurawa ba, ta cika akushin, ta rufe da faifai. Na ce in ɗauka, ta ce a'a. Ta ɗora shi a tafin hannu daidai kafaɗa, muka fita. Tafiyar ba nisa, amma mun daɗe, don tana hutawa. A kwanar kasuwa ta tsaya, ta daɗe tana kallon masu auna gero. Na tuna matar da ke rumfar tasha, na kama bakina. Can ta ce, "Dambu za shi huce," ta ci gaba.

Kangon ba shi da ƙofa, buhu aka rataya, tagogin an toshe su da kara da kwali. Muka yi sallama. Ɗiyar Ƙawa ta fito da goyo a baya. Tare muka tashi da ita, ta ɗan girme ni, amma na ga ta tsufa. Akushin ta fara gani kafin fuskar Inna. Ta dafa bango, sannan ta durƙusa har ƙasa tana gaisuwa.

Inna ba ta zauna ba, ba ta amsa gaisuwar ba. A tsaye ta faɗa. "Ta kira ni. Na ji ta da kunnena. Ban tsaya ba. Wanga na ɗauko."

Yarinyar ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka, ɗan bayanta ma ya kama. Inna tana tsaye da akushi tana jira. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Da yarinyar ta ɗago ta share fuska da bakin zane ta ce, "Inna, ni tun bara ni ka cewa za ni ɗauko Iya, ina cewa bari kaka ta wuce. Wa za ni zaga?" Ta miƙa hannu biyu. "Da kin tsaya, da ko akushin ban gani ba. Kawo."

Ta shimfiɗa mana buhu muka zauna. Ta buɗe faifai, ta yi bismilla, ta kai loma. Tana taunawa hawaye na zuba, sai kuma ta fashe da dariya har ta ƙware.

"Gishirin ga dai yana nan! Iya kullum sai ta ce, ranar da Ƙawa ta mutu, hwataken gishiri za su zo gaisuwa da raƙumansu."

Inna ta zaro ido. "Ita ta hwaɗi haka? Munahuka! Shekara da shekaru tana lashe akushi tana ce mani ya yi daɗi. Ita da miyatta kamar ruwan wankin hannu." Sannan ta ce, "Allah shi jiƙan ta." Tun zuwanta gidana ban taɓa jin ta iya faɗin wannan a fili ba.

Yarinyar ta kira 'ya'yanta suka ci. Ta yi ta tambayar Inna ƙananan abubuwa: me Iya ta dafa ranar, wane zane ta ɗaura, ko gwiwar ta dame ta da safe. Inna ta ba ta duka. Ta ce tuwon gero ne da miyar kuɓewa, ta ce sun yi musu a kan akuyar da ta ci ramar bakin danga, kuma Ƙawa ce ta yi nasara.

Da za mu tafi Inna ba ta waiwayi akushin ba. A hanya ta rasa yadda za ta yi da hannayenta, ta kama damtsena har gida. Na yi zaton za ta ci tuwon yamma. Loma biyu ta yi ta ture, kamar kullum. Washegari da safe ta fito, ta duƙa ƙarƙashin gado, ta tuna, ta koma ta zauna. Wani sabon tsoro ya kama ni. Na ce a raina, ta sauke abin da ya riƙe ta a duniya, yanzu ba abin da ya rage mata.

Bayan azahar muka ji sallama. Ɗiyar Ƙawa ce, da akushin a kafaɗa. Ta durƙusa ta ajiye a gaban Inna ta buɗe. Kwaɗon tafasa ne, ƙulin ma kaɗan, bai kai rabin akushin ba. Na ga ɗakin da suke kwana, na san daga cikin na sayarwa ta ɗiba. Na buɗe baki za ni ce don me ta wahalar da kanta, Allah ya taimake ni na rufe.

Inna ta dubi kwaɗon, ta dubi yarinyar. "Ke, mi na wanga?"

"Ciyayya, Inna. Ko an daina?"

Inna ta gyara zama. Sannan ta ce mini, "Ba ni ruwa in wanke hannu." Ta jawo akushin gabanta, ta yi bismilla. Ni da yarinyar muka kama hirar tsadar man gyaɗa, kowa yana yi kamar ba ya kallo. Ta ci a hankali, tana tsayawa tana shan ruwa, har ta kai ƙasa, ta sa yatsa ta suɗe wajen ɗinkin waya inda ƙuli yake maƙalewa.

"Babu gishiri," ta ce. "Kin gado ta."

Maigida ya shigo daidai lokacin, ya ga akushi wayam a gaban Inna, ya dube ni, na ɗaga masa gira kada ya ce komai. Sai ya ce mako mai zuwa za shi Sakkwato, zai tafi da littafin ya nuna wa masu sayarwa ko a samu cikakkensa, a ji ƙarshen matar nan.

Inna ta tashi da akushin ta nufi bakin randa. "In ka samu, ɗiyata ta karanta abinta. Ni dai ka sawo mani daddawar batso kahin gobe, tuwon dawa za ni yi. Kuma ka duba ta har ƙasa."